Gudun Balkisu a Filin Gulma

Tun da muka dawo daga Gulma ban sha ruwa da daɗi a ɗakin malamai ba. Da na zauna sai wata ta jawo kujera: "Malama Sa'a, wai da gaske ne a tsakiyar shanyar shinkafa kuka yi gudu?" Wata ta ce an gaya mata Balkisu ta suma. Wata kuma ta ce a'a, kofi ta ciyo. To, ba ta suma ba, kuma babu kofin da aka ba kowa. Na gaji da gyara labarin baki-baki, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce malamar motsa jiki a wata firamare ta 'yan mata a Gwadangaji, nan cikin Birni. Shekara tara ina rataye da usur a wuya, kuma in faɗi gaskiya, a yawancin shekarun nan darasina shi ne wanda ake ara idan malamin lissafi bai gama nasa ba.

Wata shida kafin tafiyar, wasu ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu da yardar iyaye, suka auna 'yan aji biyar. Sun auna tsayi da nauyi da faɗin ƙugu, suka ɗaura musu abin awon jini mai matse hannu, suka tsira yatsa don duba suga. Daga ƙarshe suka ja layi biyu a fili, tsakaninsu taku ashirin da 'yan kai, suka ce yara su riƙa gudu daga wannan zuwa wancan. Na'ura ce ke yin ƙara, ƙarar tana ƙara sauri, wadda ta kasa taka layi kafin ƙara har sau biyu ta fita. Shugabarsu, Sista Maryam, wata doguwar Bakaba 'yar Argungu mai dariya da ƙarfi, ta ce wannan gudun shi ke nuna ƙarfin zuciya da huhun yaro.

Na ji kunya ranar nan. Kafin a je ko'ina rabin ajin sun zube suna haki. Wadda ta fara fita ita ce Balkisu, a zuwa na tara.

Balkisu 'yar shekara goma sha ɗaya ce a lokacin, auta a gidan wani mai sayar da shinkafa a Nasarawa. Keke Napep ke ɗauko ta daga ƙofar gida ya dire ta a ƙofar makaranta, kwandon abincinta kullum taliya ce da lemun kwalba da biskit. Yarinya ce mai kai, ga ban dariya, sai dai tun da 'yan aji suka fara yi mata suna saboda ƙibarta ta daina tashi daga kujera lokacin tara.

Bayan kwana uku Sista Maryam ta kira ni da mahaifiyarta, Hajiya Inno. Ta ɗaga hijabin yarinyar ta nuna mana wani baƙi-baƙi a bayan wuyanta, wanda Hajiya ta daɗe tana dirza da soso.

"Hajiya, wanga ba dauɗa ba ce," in ji Sista. "Jiki ne ke faɗa muna suga na neman hanya. Jininta ma ya ɗan hau fiye da na sa'o'inta."

Hajiya Inno ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ita kanta shekara bakwai ke nan tana yi wa kanta allurar suga kowace safiya. Ta kama gefen mayafi ta rufe fuska. Likitan da aka tura su wurinsa ya ba da wata shida: a gyara ci, a motsa jiki, idan awo na gaba bai sauko ba za a fara ba yarinyar magani.

Daga ranar na je na tsaya a ofishin shugabar makaranta har ta ba ni minti ashirin kowace safiya kafin a shiga aji. Zagayen fili, tsallen igiya, sai gaɗa, don na gane yarinyar da ba za ta yi maka gudu ba, za ta yi maka gaɗa har ta jiƙe sharkaf. Ba a yi abin cikin daɗi ba. Balkisu ta yi kuka, ta yi ƙaryar ciwon ƙafa, akwai makon da ko gaisuwa ba ta yi min ba. Da aka yi dogon hutu sai na riƙa bi ta ƙofar gidansu tun hantsi bai ɗaga ba, mu taka har bakin titi mu dawo. Lemun kwalba ya koma ranar Juma'a kaɗai.

Da lokacin awo na biyu ya zo, Sista ta ce ba a makarantarmu za a yi ba. Akwai wata firamare a Gulma da suka auna tare da mu, tana so a haɗa yaran birni da na ƙauye a fili ɗaya su ga juna. Iyaye goma sha biyu suka sa hannu. Mahaifin Balkisu ya ce shi bai taɓa jin ɗiya mace ta kwana wani gari don gudu ba. Ban san abin da Hajiya Inno ta gaya masa ba, amma washegari takardar ta zo da sa hannunsa.

Mun tashi ranar Talata bayan azahar, a farar motar makaranta, Baba Garba direba na tuƙi, Sista Maryam na gaba da akwatunan kayan aikinta. Kafin mu tashi na ce kowa ta buɗe jaka. Wallahi guzurin da iyaye suka haɗa wa yaran nan na kwana ɗaya, ya isa mutum ya je Makka ya dawo. Cincin, alewa, lemu kala-kala, wata har da kaza sukutum. Na bar musu kazar, sauran na zuba a buhu na ajiye a ofis.

Muna wuce Ambursa muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, ya ga yara cike da mota, ya ga akwatuna masu makulli, sai ya ce a sauke. Sista ta buɗe masa, ta nuna takardunmu, ta yi masa bayanin kowane abu. Da ta zo kan abin awon jini sai ya waiga, ya rage murya.

"Hajiya, wannan yana auna babba?"

"Yana aunawa, Yallaɓai."

Sai ya jingina bindiga ya naɗe hannun riga. Kafin ta gama da shi, biyu sun yi layi a bayansa. Motocin albasa suka taru a bayanmu suna ta oda, yara na leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya. Na ukun, wani mai furfura, Sista ta auna shi sau biyu, ta daina dariya, ta rubuta masa takarda ta ce kada ya bari mako ya wuce bai ga likita ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya raka motarmu da addu'a har muka hau titi. Baba Garba ya ce shekara talatin yana bin hanyar nan, bai taɓa ganin an tsayar da mota an ƙare da godiya ba.

Mun shiga Argungu ana kiran la'asar. Masaukinmu gidan mahaifiyar Sista ne, Inna Kulu, tsohuwa mai bandar kifi, gidanta can wajen gangaren gulbi. Tun daga zaure ƙamshin hayaƙi da kifi ya tarbe mu. Ta share mana ɗaki biyu, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗaura gidajen sauro da ta aro a maƙwabta. Gaisuwar Argungu kuwa ba irin tamu ba ce da ake yi ana duba waya. Sai da ta gaida yaran ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowace uwarta da ubanta da kakarta, ta tambaye ni gajiya sau huɗu.

Da ta zo kan Balkisu sai ta riƙe ta ta juya ta.

"Tubarkalla! Wagga ita ce ɗiyar gata. Ku dubi jiki! Sauran duk ba a ba ku abinci a Birni?"

Na ga fuskar Balkisu ta canza. Sista ta ce, "Inna, wanga yabon naku shi ya kawo mu inda muke."

"Mi na ce? A zamaninmu in yarinya ta rame, uwar ake zargi."

"A zamaninku wa ke kai ku makaranta a keke?"

Inna Kulu ta yi tsaki ta ce ita makarantarta turmi ce da tulu. Don ta nuna mana, sai ta jawo turmi, ta zuba shinkafar masar gobe, ta miƙa wa yaran taɓare biyu. Ni na ɗauka wata shida na tsallen igiya ya isa komai. Yarana suka yi ta karɓa-karɓa, kowace ta yi kaɗan ta miƙa, hannu ya yi ja. Tsohuwar nan da ta haura saba'in ta karɓi taɓarya ta gama dakan tana ba mu labarin wata maƙwabciyarta, numfashinta bai ko canza ba. Na ce a raina, Sa'a, kin zo inda za a koya miki darasinki.

Bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kowane kwano da tarwaɗa guda kwance a kai. Mu a Birni kifi ɗan gutsure ne ake nema a cikin miya. A nan miyar ce ake nema a ƙarƙashin kifi. Yarana ba su iya zare ƙaya ba, jikokin Inna kuwa sai su sa yanki a baki, ƙayar ta fito ta gefe, tsokar ta wuce. Zara'u, wadda ta fi kowa gudu a ajina, ta so ta kwaikwaye su, ƙaya ta maƙale mata. Ta zaro ido, hawaye na zuba, ni na rikice ina tunanin abin da zan gaya wa uwarta. Sista ta haska mata waya a baki, ta sa ɗan hantsaki ta zaro ta. Inna ta ce da an bar mata da lomar tuwo ɗaya ta wuce. Uwa da ɗiya suka sake sabon musu.

Kwanon Balkisu ya fi na kowa tudu, Inna ce ta zuba da hannunta. Na yi kamar ban gani ba. Yarinyar ta dubi tuwon, ta sa hannu ta raba shi biyu, ta tura rabi gaban wata jikar Inna, ta cinye kifinta tas. Babu wanda ya sa ta.

Rigima ta gaskiya da asuba ta tashi. Awon suga ba a yin sa sai da cikin da bai ci komai ba, mun gaya wa yaran, amma Sista ta manta ba ta gaya wa mahaifiyarta ba. Muna idar da salla muka iske Inna ta cika kwando da masa mai zafi, ga kunu a tukunya.

"Inna, ba za su ci yanzu ba. Sai an ɗibi jini."

"Mi kic ce? Baƙi su kwana gidana su fita da yunwa? Mi za a ce da ni a unguwa?"

"Ba yunwa ba ce, aiki ne."

"Aikin da ke hana yaro karin kumallo ba aiki ba ne. Kuma jinin wa za ku ɗiba, ciki ba komai?"

Aka yi ta yi, har Baba Garba ya sa baki daga zaure. A ƙarshe Inna ta ce ta ji, amma ba ta yarda da mu ba. Ta yafa mayafi, ta rungumi kwandon masa, ta shiga mota ta zauna a kujerar gaba, ta ce da idonta za ta ga sun ci. Haka muka kama hanyar Gulma, ƙamshin masa ya cika mota, yara goma sha biyu na haɗiyar yawu.

Hanyar ta ratsa fadama. An gama yankan shinkafa, ga tarin dami ko'ina, ga masunta da gora a kafaɗa suna gangarawa ruwa. Abin da yarana suka fi kallo shi ne sa'o'insu a bakin hanya cikin kayan makaranta, suna tafe a ƙasa da sauri, wasu da tulu a ka za su fara kai ruwa gida. Wata daga baya ta ce, "Malama, duk nisan nan a ƙasa?" Baba Garba ya ce, "Da dawowa."

Muna isa makarantar na ga hedimasta tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Filin da za mu yi gudu, tun daga wannan bango har wancan, shinkafa ce shimfiɗe a kan tamfol. Matan unguwa masu turara shinkafa ne suka yi shanya, wai sun ɗauka sai gobe za mu zo. Hedimasta ya roƙa, babbarsu ta ce shinkafar da ɗanshi, in aka tattara ta yanzu ta lalace. Sista ta yi bayani, ba su ji ba. Ni kam zuciyata ta karye. Wata shida, ga yara da yunwa, ga rana za ta ɗaga.

Sai Inna Kulu ta sauko da kwandonta. Ashe babbar matan ta san ta, ta daɗe tana sayen kifi a wurinta. Suka gaisa gaisuwar nan tasu mai tsawo, mu muna tsaye kamar an dasa mu. Can sai matar ta juyo.

"To, ba mu kwashewa. Amma in ja ne, a ja gefe. Kuma mu ba mu tashi, nan za mu zauna mu ga wanga gudu da anka taho tun daga Birni a yi."

Yaranmu da nasu suka kama bakin tamfol suka yi ta ja, har hanya ta buɗe a tsakiya, doguwa mai faɗin da mutum takwas za su jera. A wurin jan nan suka fara magana da juna. 'Yan Gulma na dariyar takalman gudun yarana, yarana na mamakin su da ƙafa ba takalmi za su yi.

Aka fara awo a cikin wani aji. Da aka kira Balkisu ta ce in shigo da ita. Ta riƙe hannuna muka shiga. Aka tsira yatsa, aka zagaya tef a ƙugu, ta hau sikeli. Da aka ɗaura abin awon jini Sista ta duba, ta ce ta huta, ta sake, ta kuma sakewa. Na zuba wa fuskarta ido ban karanta komai ba.

"Sista, yaya?"

"Sai an gama duka, Malama."

Da aka gama, Inna ta buɗe kwando, hedimasta ya sa aka kawo fura da nono, yara ashirin da huɗu suka zauna a inuwa suka ci tare. A nan Sista ta ja ni gefe ta nuna min wata siririyar yarinya 'yar Gulma mai suna Luba. Ta ce ita ta fi kowa gudu a wancan karon, amma da ta ja fatar idonta ta ga ta yi fari, kuma ba ita kaɗai ba.

"Kada ki koma Birni kina cewa ƙauye duk lafiya ce," in ji ta. "Naku kitse ya yi yawa, wasu a nan jini ne ya yi kaɗan. Su ma akwai takardar da zan ba iyayensu."

Bayan sun huta, aka zo gudu, sai na'urar ƙarar ta ƙi tashi. Caji ya ƙare. Sista ta ce akwai ƙarar a wayarta, amma ba za a ji ta a fili ba. Muka yi dabara: ta kara waya a kunne, duk lokacin da ta ji ƙara ta sauke hannu, ni kuma in busa usur.

Aka kasa su uku, takwas-takwas, a gauraye. A kashi na farko Zara'u ta yi arba'in da shida, ita da wata 'yar Gulma suka rage har ƙarshe. Matan shanya, da suka zauna don su yi dariya, suka fara miƙewa. A kashi na biyu babu ɗaya cikin yarana da ta fita kafin ashirin. Balkisu na kashi na uku, kuma a gefenta aka tsayar da Luba.

Na busa. Suka tashi.

Ina ƙirgawa a zuci. Biyar. Bakwai. Da ta taka layi na tara ta ɗago ta dube ni, ta juya ta ci gaba. Goma sha biyar, hijabinta ya jiƙe. Ashirin, biyu sun fita, ɗaya tamu ɗaya tasu, ita tana nan. Matan suka lura da ita, don ita ce mai jiki a cikinsu. Na ji wata na cewa, "Ku dubi wagga ta Birni, ba ta bari!"

A ashirin da huɗu na busa ƙafarta ba ta kai layi ba. Saura kuskure ɗaya. Na ga kafaɗunta sun sauka, irin saukar da na sani tun farkon wata shidan nan. Ba ni da bakin magana, usur na ciki. Sai Luba, wadda ko haki ba ta fara ba, ta rage sauri ta jera da ita.

"Taho, 'yar Birni! Ki dubi ƙafata, ki taho!"

Babbar matan shanya ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka. Inna Kulu, wadda jiya take yabon jiki, ta ajiye kwando ta zo bakin layi tana tafi tana kiran sunanta. Balkisu ta sunkuyar da kai ta bi ƙafar Luba. Ashirin da biyar, ta taka. Ashirin da takwas. Talatin. Hawaye ya cika min ido, usur ya riƙa fita da wata irin murya, har Sista ta zungure ni ta ce in busa da kyau.

A talatin da uku ta kasa. Ba ta faɗi ba. Ta fita da ƙafafunta, ta dafa gwiwa, ta yi numfashi, ta ɗago.

"Malama, nawa?"

Na cire usur na faɗa mata, na mayar da sauri don Luba na gudu har yanzu. Luba sai da ta yi hamsin da takwas. Da ta gama, Balkisu ce ta fara kai mata ruwa.

Bayan komai ya lafa, Sista ta kira mu biyu gindin wata bishiyar bedi, ta buɗe takardar wancan karon da ta yau ta jera. Ta ce jinin ya sauko inda ake so ga mai shekarunta. Suga ya koma daidai. Ƙugu ya ragu da kamar yatsu huɗu. Nauyi bai sauka sosai ba, Balkisu ta ɓata fuska, Sista ta ce kada ta damu da sikeli, ai ta ƙara tsayi, kuma abin da ake nema zuciya ce da jini, su kuwa sun amsa.

"Likita ne zai yanke magana," in ji ta, "amma ni ban ga abin da zai ba ki magani a kai ba. Sai dai fa ranar da kika koma kujera, shi ma abin zai dawo."

"Ba ni komawa," in ji Balkisu.

Cikin goma sha biyun, goma sun ci gaba ƙwarai. Biyu ba su motsa sosai ba, kuma na san gidajen da zan fara zuwa. Ni ma ban tsira ba. Kafin a rufe akwati Sista ta zagaya min tef a gaban yara, ta duba, ta ce, "Malama, ashe ke busawa kawai kike yi?" Yaran suka yi dariya har da faɗuwa. Na karɓi tawa takardar na soke a jaka.

Mun taya matan mayar da tamfol yadda muka same shi, muka sauke Inna a Argungu. Ta ba kowace yarinya ƙullin busasshen kifi, ta ce wa Balkisu ita kam ta janye maganarta ta jiya, amma duk da haka kada ta rame da yawa. A hanyar dawowa babu wadda ta yi barci. Gaɗa suka yi a zaune har Gwadangaji, Baba Garba na buga sitiyari.

Ni da kaina na raka Balkisu gida. Hajiya Inno na tsaye a zaure, da alama ta daɗe a wurin. Ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa ɗiyar takardar ta ce ta karanta mata. Balkisu ta karanta layi-layi, tana fassarawa. Da ta kai ƙarshe Hajiya ta zauna a kan dakali, ta yi hamdala, ta sake yi, ta kama kan yarinyar ta rungume. Mahaifin ya fito daga ciki, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya.

"Talatin da uku," ya ce. "Wannan da yawa ne?"

"Da tara ta fara, Alhaji," na ce.

Ya dubi ɗiyarsa kamar yau ya fara ganinta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Har na juya zan tafi Hajiya Inno ta kira ni.

"Malama, wanga zagaye da kuke yi da safe, sai yara?"

"Fili na kowa ne, Hajiya."

"To, gobe da ni."

Na ɗauka daɗin labari ne ya sa ta faɗa. Washegari ina buɗe ƙofar makaranta na gan ta a bayan Balkisu, da dogon hijabi da takalmin ɗanta namiji da ya yi mata yawa. Ta yi rabin zagaye, ta nemi benci ta zauna tana fifita da gefen hijabi, ta ce a ba ta ruwa. Balkisu ta kawo mata, ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Inna, rabi fa kika yi."

Hajiya ta shanye ruwan, ta miƙa mata kofin.

"Ke da tara kika fara," in ji ta. "Kama ni in tashi."